Takardar da Na Sa wa Hannu a Kebbe

Talata, 2 ga Agusta 1955, da hantsi

Jiya muka dawo Tambuwal daga Sakkwato a bayan motar gishiri. Allura goma sha huɗu aka yi wa mijina Kofur a ciki, ɗaya kowace safiya, har fatar wurin ta kumbura ba ya iya ɗaura bel. Likita ya ce mun makara. Na ce makara kamar yaya? Ya ce mu koma gida mu jira, in aka yi wata biyu lafiya to shi ke nan. Bai dubi fuskata ba da yake faɗa.

Wannan littafin ɗinkina ne na makarantar mishan, rabinsa babu rubutu. Zan riƙa rubutu a ciki, don in ban rubuta ba sai na yi wa wani rashin kunya.

Sati biyar mijina yana ɓoye mini hannunsa cikin tsohuwar rigar soja. Sati biyar! Wai ƙaya ce ta karce shi wurin aikin hanya a Fakku. Ni Lauratu da na yi shekara uku ina wanke gyambo a asibiti, a ce mini ƙaya. Ƙaya mai haƙora huɗu. Da Na'iya lebura bai mutu ba, kuma irin mutuwar da ya yi, da har yau ban sani ba. Rana ɗaya abin ya cije su su biyun.

Ba zan rubuta sunan abin ba.

Alhamis, 4 ga wata, la'asar

Na tarar da 'yata Inno tana wasa da kwikwiyon maharba a ƙofar gida. Na mare ta. Shekararta shida, ban taɓa marinta ba sai yau.

Asabar, 6 ga wata, bayan azahar

Muna zaune gindin darbejiya ina tsince wake, sai ya ce, "Malama, ki rubuta wa Fada a Gusau. Ina son ya zo tun ina cikin hankalina."

Na ce, "Kana cikin hankalinka, kuma nan za ka zauna." Ya yi dariya ya ce duk da haka in rubuta.

Bari in ajiye yadda abin yake. Kofur Ɗangiwa Badakkare ne, a yaƙin Bama wani Fada ya yi masa baftisma, ya dawo ɗan Katolika. Ni da Yaya Ɗanmaliki a mishan muka tashi, tun da aka kai mahaifiyarmu can da kuturta. Da muka tashi aure, Baturen mishan ya ƙi ɗaurawa, Fada yana nesa, ni kuma na ce ba na shiga gaban gumaka. Sai muka tafi ofishin Di'o muka yi na rajista. Dattawanmu suka sa ni horo, na yi shekara guda a bencin baya ba na cin Jibin Ubangiji. Shi kuwa nasu ya fi tsanani. Shekara bakwai ke nan ba a ba shi gurasarsu ba, ba a kuma saurari ikirarinsa ba, wai yana zaman da ba aure ba. Duk da haka kowace Lahadi sai ya tafi gidan akawun kanti, mutumin Anacha, inda 'yan Katolikan garin nan su shida suke taruwa, ya durƙusa a bayansu.

Na rubuta. Na ba direban da ke zuwa Gusau ranar Litinin. Ban yarda da ko kalma ɗaya ta dalilin ba, amma shi ya roƙa.

Lahadi, 7 ga wata, da yamma

Yaya ya biyo ni gida bayan sujada. Shi ne mai bisharanmu a nan, mu goma sha ɗaya a ɗakin bayan gari. Ban san wanda ya kai masa labarin wasiƙar ba, amma tun daga zaure na ga fuskar wa'azi.

Ya ce, "Kofur, wa yab ba ɗan Adam ikon gafarta zunubi? Nuna man cikin Littafi."

Kofur ya ce, "Bitrus aka ba makullai."

"Bitrus ya mutu. Ba a ce a riƙa gadon makulli awa sarautar gari ba."

"Mu a soja, Malam, in kyaftin ya faɗi, wani ke ɗaukar sandarsa. Ku kuwa kowa da Littafinsa a hammata, kowa kyaftin."

Yaya ya tashi tsaye. "Shekara ɗari fuɗu da sunka wuce limamanku na saida gafara a kasuwa awa goro! Shi yas sa munka fita!"

"Ashe fita kuka yi. To wa kuka bari a gidan?"

Na san wannan gardama kamar yadda na san hanyar rijiya, shekara bakwai suna yinta a kan tuwona. Dā nakan shiga bayan Yaya, don har ga Allah shi ke da gaskiya. Yau ina kallon Kofur yana murza hannun nan a ƙarƙashin riga yana dariya, sai na ji haushin su duka biyun. Na ɗauke kwanon tun ba su gama ba.

Laraba, 10 ga wata, da safe

Lafiya lau. Ya ci, ya sha, ya tafi duba kwalbati.

Juma'a, 12 ga wata, azahar

Amsa ta zo. Fada ya ce zai yi rangadi a Kebbe daga 23 ga wata, kwana uku, kuma zai iya ƙarasowa ya gaida mai jiki. Amma ba shi da ikon ba shi gafara ko gurasa sai ɗayan biyu: ko Kofur ya rabu da ni, ko a sake ɗaura auren a gabansa. In za a sake, sai na sa hannu a wata takarda. Ya haɗo ta ciki, da Turanci da Hausa. Alkawari biyu ne. Ba zan hana mijina addininsa ba. Wannan da sauƙi, yaushe na hana shi? Na biyu, duk 'ya'yan da muka haifa za a yi musu baftisma a Katolika, a kuma rene su a cikinta.

'Ya'yan da muka haifa. Guda ɗaya ce ta rayu.

Na karanta wa Kofur. Da na zo wurin rabuwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wa zai riƙa yi masa faɗa? Da na zo na biyun sai ya ce, "Bar ta, Malama. Sa ta a murhu." Ban sa ta a murhu ba. Tana cikin wannan littafin.

Asabar, 13 ga wata, da hantsi

Na kai wa Goggo Yelwa kukana. Ita ce mai gidan da muke haya, ta riƙe mu kamar nata duk da surutun da 'yan unguwa suke mata. Tana kaɗi ina bayani, ta kasa gane inda muka rabu.

"Ba Annabi Isa kuka bi ku duka ba?"

Na ce shi ne.

"To awa namu na ke nan. Wanga shi saki hannu ga salla, wancan shi kama, har a fasa kai. Ke ɗiyata, dangwala musu. In Allah ya yi abin da za shi yi, wa ka zuwa Tambuwal shi bincike ki? Ki yi abinki."

Na ce, "Goggo, ba ni yin ƙarya da hannuna. In nis sa, na sa."

Ta ce to in zauna da taurin kaina. Ta ba ni ƙuli-ƙuli na kai wa Inno.

Talata, 16 ga wata, bayan la'asar

Na same shi bayan ɗaki da tasbaharsa, ya durƙusa a kan tsakuwa. Na tsaya har ya gama, sannan na ce ya gaya mini gaskiya, me yake so a wurin Fada da Allah ba zai ba shi kai tsaye ba?

Ya ce akwai abin da ya yi a Bama, a wani ƙauye bakin kogi, bai taɓa gaya wa mai rai ba. Ranar da ya yi niyyar kai wa Fadan bataliya, aka ɗauke su aka sa a jirgin ruwa.

Na ce, "Faɗa wa Ubangiji, shina ji."

Ya ce, "Shekara goma ina gaya masa, Malama. Kullum. So nake in ji amsa da kunnena."

Na buɗe baki in kawo masa ayoyin da na haddace, na san su sarai, har da lambobinsu. Sai na ga idonsa. Na ce ruwan wankansa ya yi sanyi.

Alhamis, 18 ga wata, da safe

Ba na sa hannu. Ba na sa hannu. 'Yar da na yi naƙudar kwana biyu a kanta ba za ta durƙusa wa mutum-mutumi ba.

Asabar, 20 ga wata, magariba ta kusa

Yaya ya zo, yau a hankali ya yi magana, abin da ya fi tsawarsa ciwo. Ya tuna mini an ba Inno wuri a makarantar 'yan mata ta mishan inda na yi, za ta fara a watan Janairu. In na sa hannu wurin ya tafi, ni kuma horo, wannan karon ba na shekara guda ba.

"Lauratu, tuna waɗanda sunka wanke ƙafafun Inna sa'ad da danginmu sunka guje ta. Ba Fada na ba."

Na ce na tuna. Ya ce ceton Kofur ba ya hannun wani Bature mai doguwar riga, in ya gaskata ya riga ya samu. Na ce ni ma haka na gaskata. Ya ce to mene ne? Na ce, "Shi bai gaskata hakanan ba, Yaya, kuma shi ka jin tsoro, ba mu ba."

Ban ce zan sa ba. Ban kuma ce ba zan sa ba.

Litinin, 22 ga wata, da hantsi

Ya ce tabon yana masa ƙaiƙayi har kafaɗa, kamar tururuwa na tafiya a ciki. Bai je aiki ba.

Talata, 23 ga wata, azahar

Zazzaɓi. Ya ce in rufe taga, iska tana damunsa.

Talata, la'asar

Na kawo masa ruwa a moɗa.

Ba zan rubuta ba. Na ɗauke randa daga ɗakin, na kai Inno ɓangaren Goggo.

Laraba, 24 ga wata, da sassafe

Na aika a kira Yaya. Na gaya masa Kebbe za ni, motar aikin hanya za ta tashi yanzu, leburorin Kofur sun ce ko a kai za su ɗauke ni. Ina bukatar namiji mai ƙarfi ya zauna da shi. Yaya ya dubi takardar a hannuna, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Na ce na sani. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye, ya ce in nuna masa inda igiya take, ko da za a bukata.

Laraba, Kebbe, bayan la'asar

Ruwa ya cinye hanya wuri biyu. A na biyun muka bar motar, na tattare zane na shiga ruwa har ƙugu da takardar a cikin ɗankwali.

Na sami Fada a wata rumfa bayan kasuwa yana koya wa manoma Dakarkari addu'a. Na zaci tsoho zan gani mai gemu. Saurayi ne, wuyansa duk cizon sauro, Hausarsa kamar ana jan jaki a laka. Na ajiye takardar a kan akwatinsa na ce ya ba ni alƙalami, amma ya saurara tukuna.

Na ce ban yarda yana riƙe da makullin kowa ba. Ban yarda wani mutum a Rum ba ya kuskure ba. Kuma abin da suka yi mini, su tsare mai mutuwa a ƙofa har sai matarsa ta miƙa 'yarta, Allah yana gani.

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, ta Ikilisiya ce, ta girme shi da shekaru masu yawa, shi ba ya iya ɗaga ta. Na ce ai matsalarku ke nan. Ya ce, ku kuma da kowa ke ɗaga abin da ya ga dama, kashi nawa kuka rabu? Na ce ban zo gardama ba, ina da mai yi mini ita a gida.

Sai ya tambaye ni ko da gaske zan cika, don in ba da gaske ba ne gara kada in sa. Wannan tambayar ce kaɗai ta sa na ga girmansa. Na ce, "Mu 'yan mishan ba a koya muna rantsuwa ba. I ɗinmu i ta."

Na sa hannu.

Alhamis, 25 ga wata, bayan magariba

A bayan babur ɗinsa muka dawo, muka tura shi cikin ruwa mu biyu. Muka ratsa kasuwar Tambuwal da rana tsaka, ƙanwar mai bishara a bayan Fada, laka har gira. Garin nan ya sami abin taɗi har kaka.

Yaya bai runtsa ba tun jiya, hannunsa duk ƙarje. Ya ɗaure Kofur a gado da zanena, ya ce igiya za ta ci masa fata. Kofur ya gane mu. Tsakanin tashin abin hankalinsa yakan dawo sarai.

Fada ya ce a fara da ikirari, kowa ya fita. Muka fita tsakar gida, ni da Yaya da Goggo, ga maƙwabta sun cika zaure. Amma Kofur ba ya iya yin magana a hankali yanzu, muryar fita take da ƙarfi ba da sonsa ba. Muka fara jin kalmomi ta cikin asabari. Na ji "kogi", na ji "matar". Mutanen zaure suka yi tsit suna miƙa wuya.

Sai Yaya ya matsa bakin ƙofar, ya juya mata baya, ya ɗaga murya da waƙar sujada. Yaya ba shi da murya, tun muna yara ake masa dariya. Ya yi ta da iyakar ƙarfinsa, baiti bayan baiti, ya ƙare ya sake ɗaukowa, gumi yana zuba. Na kama masa. Ba wanda ya ji sauran, har ni.

Da aka ɗaga asabari Kofur yana kwance shiru, hawaye har cikin kunnensa. Ya ce, "Malama, na ji."

Aka sake ɗaura mana aure, akawun kanti da matarsa ne shaidu. Amarya da laka a ƙafa, ango a ɗaure. Kofur ya ce wannan karon ba zan ce ya gudu ba. Gurasar ce bai iya ba. Fada ya gutsura ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, maƙogwaron ya ƙi. Ya gwada sau biyu ya bari, ya shafa masa mai a ido da kunne da hannu. Na ji tausayin Fada, yaron nan shi ma kuka yake.

Da Fada zai tafi ya miƙa wa Yaya hannu ya yi godiya. Yaya ya ce, "Ba don kai niy yi ba. Kuma har gobe ba ka da ikon." Amma ya karɓi hannun.

Asabar, 27 ga wata

Ya cika da hantsi.

Laraba, 31 ga wata, da safe

A bayan gari muka sa shi, kusa da gonar Goggo, ita ta ba da wurin. Akawu ya karanta nasu, Yaya ya karanta namu, ba wanda ya katse wani. Leburori sun kawo duwatsun kwalbati sun jera a kai.

Ina share ɗaki ina samun abubuwansa. Ban taɓa sanin ya ajiye haƙorin Inno na farko a gwangwanin taba ba.

Juma'a, 9 ga Satumba, la'asar

Takardar dattawa ta zo. Horo, har sai na tuba na janye. Yaya da kansa ya kawo, ya zauna ya kasa miƙo ta.

Ya ce, "Ya riga ya tafi, Lauratu. Alkawarin da anka ƙwata da wuƙa a wuya ba alkawari ba na. Ki ce kin yi kuskure, in tafi da kaina in roƙa a maida wa Inno wurinta."

Na ce ba wanda ya riƙe mini hannu. An tambaye ni ko da gaske nake, na ce i. In na janye yanzu, to da ƙarya na sayo wa Kofur abin da ya ji, kuma ba zan iya zama da wannan ba.

Ya ce zan jefa yarinyar cikin ɓata. Na ce zan karanta mata Littafi kowace safiya, takardar ba ta hana ni ba, na duba. Sauran kuma Allah ya fi mu sanin inda take.

Ya tafi bai sha furar da na kawo masa ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye wa littafina ba. Mai yiwuwa Yaya ke da gaskiya.

Lahadi, 11 ga Satumba, azahar

Na yi mata wanka, na sa mata rigar Kirsimeti, na kama hannunta muka bi ta bayan kasuwa zuwa gidan akawu. Matarsa ta fito da ɗan mayafi ta ɗaura mata a ka. Ta ƙofa ina hango kyandir biyu da mutum-mutumin nan mai shuɗin zane.

Inno ta shiga taki uku, ta juyo. "Inna, ba ki shigowa?"

Na ce, "A'a. Ki yi abin da anka ce ki yi. In an tashi ina nan bakin ƙofa."

Ta tsaya tana dubana har matar ta ja ta ciki. Na wuce bayan gari da sauri don na makara. Yaya ya riga ya fara wa'azi, ya gan ni na shigo ni kaɗai, ya rasa inda yake a karatun. Na zauna a bencin baya.